Abin da Ban Fassara wa Hadiza Ba

Al-Oud, Riyad

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi,

Ina gaishe ki da kyau, ina yi miki barka da sauka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, kin huta gajiyar jirgi da ta mota, kin tarar da dangi duka cikin alheri. Allah ya tsare ki a ɗakin kwana da ɗakin karatu da kan hanya. Mu nan lafiya lau muke. Labarin gida za ki ji shi a waya, ba shi na zauna rubutawa ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a tsakanin kayanki, mu da muke gida ɗaya shekara goma sha tara. Ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata aka sa miki. Ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, balle in zaunar da ke in yi miki zancen ciki da jini. Sau uku a makon nan ina shiga ɗakinki da niyyar magana, sai in ɓige da tambayar ko kin ɗauki safa. Alƙalami ba ya jin kunya, shi ya sa na ba shi aikin. Kuma da gangan na rubuta da Hausa. Na san Larabci ya fi zama a bakinki, amma matan da za ki tarar a makarantar ungozoma da asibitocin can da Hausa za su yi miki kuka, gara kunnenki ya fara sabawa daga kaina. In kin ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinki ki tambayi gwaggonki, kada ki tsallake.

Kin san halina. Na zo garin nan ina amarya 'yar shekara goma sha takwas, rabin jakata littattafan soyayya ne. Har yau in Abbanku ya dawo daga tuƙi ya tarar da ni na ƙura wa waya ido, shinkafa tana kamawa a tukunya, cewa yake, "Amaryar littafi, yau wa ya auri wa?" Ban daina karatun ba, ba kuma zan daina ba, ya ɗebe mini kewa a shekarun da ban san kowa ba a nan. Amma ya sa mini wani tunani, cewa kowane labari in ka yi haƙuri ka kai shafin ƙarshe sai ya yi daɗi. Da wannan tunanin na riƙa shiga ɗakin likita, kuma ya kusa cin ran mutum. Tunda aikin da kika zaɓa zai tsayar da ke tsakanin mace da abin da za a yi wa jikinta, gara ki ji daga bakina.

Bari in fara da kaina. Kina da shekara biyu na sami wani ciki. Ya kai wata biyu da 'yan kwanaki sai na fara ganin jini. Abbanku ya baro aiki ya kai ni asibiti. A lokacin Larabcina bai wuce na sayen tumatir ba. Likita ta yi ta magana, Abbanku yana tsaye bayan labule yana saurare, da ta gama ya leƙo ya ce, "Cikin ya lalace. Sun ce wanki za su yi miki, ki sa hannu a nan." Na sa. Duk abin da nas ta ce sai in ce tayyib, wato to, ina murmushi, don kada a ga ƙauyancina. Aka yi mini allura, na farka a wani ɗaki marata na ciwo. Ba wanda ya gaya mini abin da aka cire da abin da aka bari.

To na taɓa karanta wani labari da aka cire wa mace mahaifa ba da saninta ba. Sai na haɗa nawa da nata. Shekara biyu ina kallon ki ina cewa a raina ke kaɗai ce rabona a duniya. Ban tambayi Abbanku ba saboda kunya, shi kuma yana ganin ai ya riga ya yi mini bayani. Ranar da aka ce ina da cikin ƙanenki, tambayar da na yi ita ce, "A ina zai zauna?" Abbanku ya dube ni ya ce, "Yanzu shekara biyu kina ɗauke da wannan a ranki, ina kawo miki shawarma kina ci kina godiya?" Yanzu in mun tuna dariya muke yi, amma shekarun nan biyu ba su dawo ba.

Don haka, Ummi, gyaɗa kai ba fahimta ba ne. Mace za ta ce miki to, to, alhali tsoro ne da girmamawa suke magana a madadinta. In kin gama bayani ki ce, "Inna, faɗa mini da bakinki abin da kika ji za a yi." In ta kasa, ke ce ba ki gama aikinki ba. Kuma kada ki manta da abin da ke a wurinki ƙarami ne. Ki ce mata mahaifarta tana nan, ba a taɓa ta ba. Wata ba za ta taɓa tambaya ba, za ta tafi gida ta yi zaman makokin abin da ba ta rasa ba.

Bayan wannan na ɗaura ɗamarar koyon Larabci, daga maƙwabta da talabijin da littattafanki na makaranta. Kafin ki kai aji uku na zama mai raka matanmu asibiti. In sabuwar zuwa ba ta da lafiya sai a ce a kira Maman Ummi. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye miki ba. In na shiga ina magana da likita, mata suna kallona kamar wata babba, kaina yakan ɗan kumbura.

A haka Innarki Hadiza ta zo. Kin san ta a matsayin matar Malam Sani ta benen sama, mai ba ki alewa a ɓoye, amma ba ki san yadda muka fara ba. Malam yana karatu a jami'a ya ɗauko ta daga ƙauyensu na wajen Maraɗi. Ba ta jin Larabci, ba ta karanta boko. Bayan azahar, in maza sun fita kuma zafi ya hana kowa leƙa waje, sai ta sauko ta yi mini kitso ina karanta mata littafi. Ba ta barin labari ya tafi shiru. Sai ta ja mini gashi ta ce, "Yaya, wannan saurayin maƙaryaci ne, ni tun daga karin hularsa na gane." Kuma sau da yawa ita ke da gaskiya. Ta fi ni sanin mutane nesa ba kusa ba, ni dai haruffa na fi ta sani.

Shekara uku ba ta sami ciki ba, sannan Allah ya kawo. Da ya kai wata biyu da rabi na raka ta awo. Likitar wata 'yar Sudan ce, dattijuwa, mai lalle a yatsu. Ta ɗora na'urar hoto a marar Hadiza ta daɗe tana dubawa, ta ce mu dawo bayan mako guda. Da muka dawo ta sake dubawa, sannan ta ajiye na'urar ta juyo gare ni. Ta ce babu bugun zuciya, cikin ya daina girma tun makonni da suka wuce, kuma ta duba sau biyu don kada ta yi gaggawa. Ta ce hanya uku ce. Ko a jira jiki ya fitar da shi da kansa, amma ba jira marar iyaka ba, a dawo bayan mako biyu a duba. Ko a ba ta ƙwayoyi da za su tayar da ciwon mara ya fita kamar ɓari. Ko a yi wankin ciki a gama a rana ɗaya. Ta ce Hadiza ce za ta zaɓa. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce idan jiran Hadiza ta zaɓa, da zarar ta ji zazzaɓi, ko wari, ko jini ya yi yawa, ko ciwo ya tsananta, a kawo ta a lokacin, kada a jira gobe.

Hadiza tana kwance ta riƙe gefen abayata. Ta ce, "Yaya, me ta ce? Ko kwanciya ya yi? Na gwaggona ya kwanta shekara guda, ya tashi, ga shi can har ya yi aure."

Ke da kika tashi a nan ba lalle ki san wannan ba. A wurinmu mata da yawa sun yarda ciki yakan kwanta, ya yi barci watanni ko shekaru, sannan ya tashi ya ci gaba da girma. Ni ma da shi na tashi. Na dubi fuskarta, na tuna shekarunta uku na jira. Sai na ji bakina ya ce, "Ta ce a jira."

Ta saki ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi. Na juya na ce wa likita jira ta zaɓa. Likitar ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kin gaya mata duka? Maganata ta fi wannan tsawo." Na ce, "Hausa gajeriya ce, daktora." Har na ji daɗin amsar tawa.

Ban ɗauki abin da na yi ƙarya ba a ranar. Na ce ai jira yana cikin abin da likita ta faɗa. Gaskiyar magana kuwa, a cikin kaina na riga na rubuta ƙarshen labarin: likitoci sun yi kuskure, ciki ya tashi, an haifi yaro, ga ni ranar suna ina rabon cincin ana nuna ni ana cewa ita ce ta hana a taɓa shi. Da muka fito Malam Sani ya tambaya, na sunkuyar da kai na ce, "Sun ce a jira." Shi ma kunya ta hana shi ƙara tambaya.

Mako biyu suka cika, na ce mu koma asibiti. Ta ce, "Mu je mu yi me? Mai barci ai ba a tashinsa da na'ura." Ba yadda zan matsa mata ba tare da na tona kaina ba, sai na bar maganar. Muka je kasuwar Batha tare ta sayi shawul na jariri, fari mai ratsin kore, ni ce ma na taya ta zaɓa. A mako na huɗu ta sauko da murna ta ce, "Yaya, laulayi ya dawo. Jikina zafi-zafi, ba na son abinci. Ina jin ya tashi." Likita ta ambaci zazzaɓi da bakinta, na kuma ji da kunnena. Na ce mata ta sha ruwa da yawa, na kwana biyu ina fatan ita ce da gaskiya.

A rana ta uku da hantsi na hau sama na tarar da ita cikin bargo biyu tana karkarwa, a tsakiyar zafin Riyad. Ɗakin yana wani irin wari. Na sa mata abaya da hannuna, na tare tasi, na kira Malam daga cikin mota. A asibiti suka ce abin da ya zauna a mahaifa ya ruɓe, cuta ta fara shiga jini. Aka sa mata ƙarin ruwa da magani, aka shiga da ita wanki a ranar. Ba wanda ya tambaye ta wace hanya take so, don babu sauran hanya sai ɗaya. Likitar nan ta same ni a baranda. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ke ce mai gajeriyar Hausa."

Kwananta shida a gadon asibiti. A na huɗu, da zazzaɓin ya sauka, na zauna kusa da ita na faɗa mata duk abin da likita ta ce tun ranar farko, da abin da ni na ce. Ta juyar da fuskarta ga bango. Sannan ta ce, "Da kin gaya mini, da na yi kukana tun ranar na gama. Kin bar ni ina saya wa gawa shawul."

Ba ta zage ni ba, ba ta kuma kai ƙarata wurin kowa ba. Ta dai daina saukowa. In mun haɗu a matakala sai ina kwana, lafiya lau, kowa ya wuce. Mun fi shekara a haka. Kin taɓa tambayata me ya sa Inna ba ta zuwa, na ce miki aiki ne ya yi mata yawa.

Ki lura da kyau, Ummi, jiran ba shi ne laifin ba. Likita da kanta ta sa shi cikin hanyoyin, kuma mata da yawa shi suke zaɓa su rabu lafiya. Amma mai jira da ta san abin da take jira, ta san alamun da za su sa ta ruga asibiti, daban take da wadda aka bari tana jiran abin da ba zai zo ba. Ni na ɗauke mata zaɓi na kira shi tausayi. In kin ji zuciyarki tana ce miki wannan ba za ta iya ɗauka ba, ki tsaya ki tambayi kanki ko ke ce ba za ki iya faɗa ba. Kuma in wata ta ce miki cikinta kwanciya ya yi, kada ki yi mata dariya, kada ki ce mata jahila, daga uwarta da kakarta ta ji. Ki zauna, ki nuna mata hoton, ki ce, "Na duba sau biyu, babu rai. Allah ya ba ki haƙuri." Ki bar ta ta yi kukanta. In ta share hawaye sai ki shimfiɗa mata hanyoyin duka, har da wadda ke ba kya so. Alamun haɗari kuwa ki faɗe su sau biyu, ki kuma faɗa wa wanda ya rako ta in ta yarda.

Allah da ikonsa bayan shekara biyu ta haifi Nana. Na je barka, ta karɓe ni da fara'a daidai gwargwado. Sai dai bayan haihuwar ƙafafunta suka kumbura, in ta hau bene sai ta tsaya sau uku tana haki. Likitoci suka ce zuciyarta ta yi rauni, suka ɗora ta a kan magani, suka ce kada ta sake ɗaukar ciki sai sun ga yadda zuciyar za ta yi. Nana tana da wata bakwai wani cikin ya shiga. Wannan karon da ransa, sati shida. Likitan zuciya da na mata suka haɗu suka ce in ya girma ba su ga alamar za ta kai ba.

Kin san a ƙasar nan ba a taɓa ciki mai rai sai da dalili mai ƙarfi, sai likitoci sun haɗu sun sa hannu, masu cikin kuma sun yarda. Malam Sani ya kai maganar wurin malamansa, suka ce tunda amintattun likitoci sun haɗu a kan ran uwa yana cikin haɗari, kuma cikin yana farkonsa, akwai sauƙi a addini. Ya dawo ya gaya mata, ya ce ba zai tilasta mata ko ta wane ɓangare ba. Ta yi istihara, ta yi kukanta, ta dubi Nana, ta yanke shawara da kanta cewa a cire cikin. Wata safiya na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, ga ta tana haki.

Ta ce, "Yaya, sa abayarki. Amma da sharaɗi. In likita ta yi magana mai tsawo, ke ma ki yi mai tsawo."

Na ce, "Akwai wasu masu jin Larabci, Hadiza. Me ya sa ni?"

Ta ce, "Su ba su ƙone ba tukuna. Ke kin san zafin wutar."

A asibiti, likitar nan 'yar Sudan ce dai. Da ta gan ni ta ce, "Yau jimla-jimla za mu yi." Ta ce hanya biyu ce. Ta ƙwayoyi tana zuwa kamar ɓari, da ciwon mara da jini, tana iya ɗaukar sa'o'i ko fiye da yini, mace tana farke, ba a shigar mata da komai, amma wani lokaci ba ya fita duka sai an koma an yi wanki. Ta biyun kuma siririn bututu ne ake shigarwa ta bakin mahaifa a zuƙe, babu yanka, 'yan mintuna ne, ana yin allurar kashe zafi, kuma akwai ɗan haɗarin rauni ko shigar cuta ko da yake ba kasafai ba. Ta ce saboda zuciyar Hadiza, kowace ta zaɓa a gadon asibiti za a yi suna kallonta, kuma ita a nata ganin ta biyun ta fi dacewa da mai irin ciwonta don ta fi gajarta, amma tana so ta ji ta bakinta.

Na fassara duka, ban rage ko kalma ba. Sai dai tsoron wankin da aka yi mini tun kina ƙarama yana nan a jikina ban sani ba. Da na zo kan ƙwayoyi muryata ta yi laushi, da na zo kan bututu na yamutsa fuska. Na ƙare da cewa, "Ni dai da ni ce, ba zan bari a sake sa mini ƙarfe ba."

Hadiza ta ce, "Wannan ni dai da ni ce ɗin, daktora ce ta faɗa ko ke?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "To ajiye shi a jakarki tukuna, in ina so zan tambaya."

Sai ta shiga jero nata tambayoyin, waɗanda ni ko a mafarki ba su zo mini ba. In ƙwayoyi ne, za ta ga abin da ya fita da idonta? Yaushe za ta iya ɗaukar Nana, kuma maganin zai shiga nono? Akwai namiji a ɗakin da za a yi aikin? Kwana nawa jini zai yi? Likitar ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ina juyawa. A ƙarshe Hadiza ta ce a ba ta zuwa gobe. Likitar ta ce kwana ɗaya ba zai ɓata komai ba.

Washegari ta ce bututun take so. Ta ce, "Na taɓa zama ina jiran abu ya fita daga jikina, ba na son in sake. Kuma wannan da ransa yake, ba zan iya gani ba." Aka yi kafin azahar, ta kwana biyu suna duba zuciyarta, aka sallame ta. Kafin mu fita likitar ta kira Malam Sani ciki ta yi musu bayanin hanyoyin tazarar haihuwa da suka dace da mai ciwon zuciya. Ni ce na fassara, a gaban namiji, mijin ƙawata, malami. Shi yana kallon rufi, ni ina kallon ƙasa, Hadiza kaɗai ke kallon likita. Amma ban tsallake komai ba.

Daga baya na raka wata da cikinta ya lalace, ita kuma ƙwayoyi ta zaɓa, ta ce ta fi son abin ya zo mata a ɗakinta, tana farke, 'yar'uwarta na kusa. Ita ma ta rabu lafiya. Da na ga haka na gane babu hanyar da ta fi ga kowa da kowa. Akwai abin da likita ta sani game da jiki, akwai kuma abin da mace kaɗai ta sani game da ɗakinta da zuciyarta da abin da idonta zai iya gani.

Saboda haka ki kula da fuskarki da muryarki, su ma suna fassara. In an tambaye ki ra'ayinki ki faɗa, amma ki ce wannan nawa ne. In kuma akwai hanyar da ta fi aminci saboda wani ciwo da take da shi, wannan ba ra'ayi ba ne, ki faɗa mata a fili da dalilinsa. Ki yi wa mace magana ita kanta, ko da mijinta ko surukarta suna tsaye, kuma ki tambaye ta a keɓe wa take so ya ji. In lokaci ya ba da dama ki bar ta ta kwana da maganar. Ki san dokar ƙasa da ta asibitinku, ki tsaya a cikinta, kada ki ba kowa magani a ɓoye don ta yi miki kuka, ki kai ta wurin wanda ya fi ki sani. In kuma wata ta zo miki tana zubar da jini bayan ta sha abin da ta sha a wani wuri, ki tsayar da jinin tukuna. Ba a ɗauke ki aikin alƙali ba, kuma in kin kunyata ta, ta gaba ba za ta zo ba sai an ɗauko ta.

Ban rubuta miki wannan cikin baƙin ciki ba. Zuciyar Innarki ta yi ƙarfi, magani ya karɓe ta, yanzu tana hawa benen nan da Nana a hannu ba ta tsayawa. Shekaranjiya da kika fita sallama da ƙawayenki ta sauko ta taya ni ɗaure miki kaya. Na ce mata ina so in rubuta miki labarinta, amma sirrinta ne, in ba ta yarda ba na fasa. Ta ci gaba da naɗe zani ba ta ɗago ba, har na ɗauka ta ƙi. Can ta ce, "Rubuta. Amma kada ki gyara kanki a ciki." Na ce ba zan gyara ba. Ta ce, "Kuma ki ce mata mu matan ƙauye tun muna yara muke ɗaukar tulu a ka. A ɗora mana kawai, mu muka san yadda za mu gyara gammo."

To na isar. Allah ya sa albarka a karatunki, ya ba ki malamai masu haƙuri da abokai na gari. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi, ya ba bakinki ƙarfin faɗin gaskiya da taushin faɗin ta. Ya kare ki daga sharrin hanya da na dare da na rana, ya dawo mana da ke lafiya. Abbanku da ƙannenki da Innarki suna gaishe ki. Ki gaishe mini da gwaggonki da mutanen gida duka. Na bar ki a hannun Allah, wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mamanku